Sunan da Ya Kaltum Ba Ta Daina Kira Ba

Muryar na san ta tun ban iya ɗaura ɗankwali ba, amma sunan sai da na kai shekara goma sha biyar na ji shi. A gidanmu a Hausari, cikin Maiduguri, "matar rediyo" kawai ake ce mata. Babana, Malam Inuwa, wankin hula yake yi a shagon ƙofar gida, kuma rediyonsa ba ya hutawa daga safe har magariba, yana rataye a ƙusa sama da kututturan da ake ɗora huluna su bushe. A ƙarshen 2014 labari ya iso cewa mutanen daji sun shiga ƙauyen da ƙanwarsa Gwaggo Aminat take aure, can gaba da Khaddamari. Sun kashe mijinta Taufiq, sun tasa ƙeyar mata sun tafi da su. Baba ya yi kwana uku yana bin sansanonin 'yan gudun hijira yana leƙa fuskoki. Rana ta huɗu ya shigo tsakar gida ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Rumaisa'u, ɗauko biro da takarda. Wajen Kaltum Hashim za mu je."

Na ce, "Wace ce kuma Kaltum Hashim, Baba?"

Sai ya nuna wajen shago da haɓa, inda muryar take tashi.

Ni ce mai rubutun gidanmu. Ranar haihuwa, ranar suna, ranar rasuwa, duk a wannan littafin mai koren bango nake ajiye su. A cikinsa nake rubuta wannan ma, kuma duk wanda ya karanta daga cikin dangi ya mayar da shi ƙasan akwati inda ya ɗauko shi. Idan ya kai ƙarshe zai gane dalili.

Na rubuta cigiyar da rubutuna mafi kyau: sunan Gwaggo, shekarunta, ƙauyenta, sannan a ƙasa, "Wanda ya gan ta ya tuntuɓi yayanta Malam Inuwa mai wankin hula, Hausari, bayan masallaci." Har da lambar waya. A ƙofar tashar rediyon aka caje mu sau biyu. Muka bi layi a ƙarƙashin darbejiya tare da mutanen da yawancinsu da kayan jikinsu kawai suka shigo gari. Da layi ya zo kanmu sai na ga wata mata gajera, baƙa, cikin lafaya ruwan toka, da tabarau a bakin hanci. Da ba ta yi magana ba da ban yarda ita ce ba. Ta ce, "Lale, wushe. Ku zauna." Ta karanta takardata, ta ɗaga kai.

"Wa ya rubuta?"

Na ce ni ce.

"Rubutunki ya fi na Ajimi, shi da ya shekara ashirin yana ɓata mini takardu." Wani dattijo da ke gyara waya a gefe, wato Ajimi mai kula da na'urorin shirin, ya ce, "Na ji ki." Sai ta sa jan biro ta soke layin ƙasa gaba ɗaya, sunan Baba da unguwa da lamba.

Baba ya miƙe tsaye. "Hajiya, to in an gan ta ina za a kawo ta?"

"Nan."

"Ni ba ɓarawo ba ne da zan ɓoye sunana. Duk Hausari an san ni."

"Shi ya sa, Malam." Ta ɗauko wani littafi daban daga cikin jakarta, ta kwafe adireshin a ciki. Sannan ta tambaye shi abu uku: sunan da ake kiran Gwaggo da shi a gida, wata alama a jikinta da tufa ke rufewa, da sana'arta. Baba ya ce Azumi ake ce mata, tana da tabon ƙunar kunu a ƙaurinta na hagu, kuma man gyaɗa take yi. Ta rubuta, ta mayar da littafin jaka, ta ɗora ƙafa a kan jakar. A hanya Baba yana ta faɗa shi kaɗai, wai 'yan boko sun cika mayar da abu mai sauƙi ya zama wahala.

Tarihinta daga baya na tattara shi, wani daga bakinta, wani daga bakin Ajimi. A Shehuri aka haife ta. Mahaifinta Malam Hashim marubucin wasiƙa ne, yana da tabarma da ƙaramin teburi kusa da fada. Idan amsar wasiƙa ta zo wa matan da ba sa fita, Kaltum ake aikawa cikin gida ta karanta musu. Ta ce a nan ta koyi aikinta, ba a makaranta ba: yadda za ka karanta wa mace cewa ɗanta ba zai zo gida da salla ba, ba tare da ka ƙara ba, ba tare da ka rage ba, kuma muryarka ba ta karye kafin tata ba. Ta yi kwalejin horon malamai, ta koyar shekara biyu, sannan aka ɗauke ta a tashar tana karanta katunan gaisuwa. Abin da ya fito da ita shi ne ba ta barin kowa a baya. Duk abin da ta faɗa da Hausa sai ta maimaita da Kanuri, duk abin da mai kira ya faɗa da Kanuri sai ta juya shi da Hausa, domin tsohuwar da ke tsakar gida ma ta ji.

Daga nan aka kai ta talbijin, shirin mata na ranar Asabar. Shekara goma sha bakwai tana yi. Mama ta ce a lokacin in Ya Kaltum, kamar yadda duk gari ke kiranta, ta sa wata lafaya ranar Asabar, kafin Laraba an nemi irinta an rasa a kasuwa. Mata masu haɗa turaren wuta da humra suna rububin ta gayyace su. Ba ta iya taka ƙafa a gidan biki ba a tsayar da kiɗa an yi mata guɗa ba.

Da gari ya rikice sai sanin fuskar nan ya zama mata ciwo. A 2012 aka jefo takarda ta saman katangar gidanta, ba suna, an rubuta launin lafayar da ta sa ranar da ta je gaisuwar mutuwa, da lambar keke-napep ɗin da ya kai ta. Ba a ƙara komai ba. Washegari ta roƙi a cire ta daga talbijin a bar ta a rediyo. Ta fara sa niƙabi. Amma ta ce mini, "Fuska ana rufe ta da yadi, 'yata. Murya fa?" Ta daina magana a cikin keke, sai dai ta taɓa kafaɗar mai keken in an zo inda za ta sauka. A kasuwa da yatsa take nuna abu, har wani mai tumatir ya ɗauka bebiya ce yana yi mata ƙari don tausayi.

Shirin cigiya ya samo asali ne a 2013, lokacin da aka katse sabis na waya a gari, mutane suna kwararowa daga ƙauyuka, uwa ba ta san inda 'ya take ba. Rediyo ne kawai ke kaiwa ko'ina. Duk Alhamis bayan la'asar take karanta sunaye, ƙauye bayan ƙauye, a jere, kuma ba ta sauya tsarin, domin mai jira ya san lokacin da zai kasa kunne. Idan an ga wani sai ta ce, "Alhamdu lillahi, an gan shi," Ajimi ya saki guɗa daga na'ura. Da waya ta dawo aka buɗe layi masu sauraro suna kira kai tsaye.

A farkon 2014 wani ya kawo cigiyar ƙanwarsa Ruƙayyatu. Ya Kaltum ta karanta. Ba a yi minti biyar ba wata mata ta kira cikin murna, da Kanuri, ta ce yarinyar tana gidanta, ta gudo daga daji mako guda ke nan, ta faɗi unguwa da layi da launin ƙofa. Ya Kaltum ta yi abin da ta saba yi shekara da shekaru: ta maimaita da Hausa, a hankali, sau biyu, don kada ɗan'uwan ya rasa ko kalma ɗaya. Ajimi ya saki guɗa. Bayan kwana biyu, da hantsi, mutum biyu suka yi sallama a gidan suka ce su ne yayyenta. Matar gidan ta ce da Ruƙayyatu ta leƙo ta gan su ba ta yi ihu ba, ta dai ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta bi su. Har yau ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Ya Kaltum ta yi mako uku ba ta je aiki ba. Da ta dawo ta zo da dokokinta. Ba adireshi a rediyo. Ba sunan mai nema. Ba sanarwar an gani, ba guɗa. Mai kira in ya fara faɗin wuri, Ajimi ya yanke layi. Wanda ya ce shi ɗan'uwa ne ya zo da ƙafarsa ya amsa tambayoyi uku. Waɗannan dokokin ne muka tarar ranar da Baba ya yi fushi.

Shekara biyu da rabi muna jin sunan Gwaggo duk Alhamis. Har na haddace wurinsa: bayan Gambo mai kifi, kafin Nuraddeen ɗan makarantar allo. Da an ce Gambo, Baba zai ajiye hular da ke hannunsa.

A damunar 2017 ta dawo. Wata mata mai sayar da itace ta tsince ta a bakin gari ta kai ta tashar, Ya Kaltum ta tambaye ta sunanta na gida, ta duba ƙaurinta, sannan ta aiko aka kira Baba. Gwaggo ta zo da goyon yarinya 'yar shekara ɗaya da rabi, Aisha Humaira. Ba wanda ya tambaye ta uban. Ta rame har awarwaron Mama yana zamewa daga hannunta, kuma ko an rufe ƙofa da ƙarfi sai ta durƙusa. Abu ɗaya ta gaya mana a makon farko: mutumin da aka ba shi ita ya taɓa cewa ko rami ta shiga sai ya tono ta, kuma ita ta gaya masa ba ta da kowa a Maiduguri.

Baba ya so a yi sanarwar godiya. Ya wanke hularsa mafi tsada ya je. Ya Kaltum ta ce a'a. Ya ce to ko "an gan ta" kawai, ba wuri. Ta ce a'a. Ta zare katin sunan Gwaggo daga cikin jerin katunan da take karantawa a gabansa ta sa a aljihun jaka, ta ce, "Ka je ka yi wa Allah godiya a ɗakinka, Malam, Yana ji." Alhamis ta zo, aka ce Gambo mai kifi, aka ce Nuraddeen. Mama ta yi hamdala da ƙarfi. Alhamis ta biyu ma haka. Ba wanda ya ga wani abu a ciki, har ita Ya Kaltum ɗin.

Ranar Talata da hantsi wata mata mai niƙabi ta tsaya a shagon Baba da leda cike da huluna. Ta miƙa masa. Yana ƙirga su sai ta sunkuya ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka shigar da ni ciki." Keke uku ta sauya kafin ta iso, ta ratsa ta cikin kasuwa, hulunan kuma na marigayi mijinta ne.

A ɗakin Mama ta ɗage niƙabin. Ya Kaltum ce. Ta ce jiya Litinin wani saurayi ya zo tashar, cikin farar jallabiya, mai ladabi, ya ce shi ne Garzali ƙanin Taufiq, yana neman matar yayansa.

Baba ya ce, "Garzali! Allahu akbar, yana raye!" Domin da gaske Taufiq yana da ƙane Garzali, kuma tun ranar harin ba a gan shi ba. "Yana ina? Ya amsa tambayoyin?"

"Duka uku. Azumi, tabon kunu, man gyaɗa. Ko numfashi bai ja ba."

"To me kike jira, Hajiya? Dokarki ce fa. Yaron nan a gabana ya girma."

"Malam, zauna." Ta ce bayan ya amsa, hannunta har ya kai kan littafin adireshi, sai ya tambaye ta, "Ita kaɗai ta iso?" Ta ce masa, wa ya ce ta iso? Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai na ji kin daina kiran sunanta. Mako biyu ke nan. Daga Gambo sai Nuraddeen."

Ni ce na fara ganewa, ina jin, domin ni ma haka na haddace jerin. A daji ma ana kunna rediyo. Duk shekarun nan da muke jira a ce Gambo, akwai wani da yake jira tare da mu. Sunan da ake kira ya gaya masa tana da dangi a gari, shirun kuma ya gaya masa ta iso wurinsu.

Baba ya ce, murya a sanyaye, "Amma Garzali ma zai iya lura da haka."

"Zai iya. Shi ya sa na zo." Ta ciro ƙaramar rakoda irin ta aikinsu. Ta ce ta gaya wa saurayin al'adar shirin ce mai nema ya yi cigiya da bakinsa, ko wadda ake nema za ta gane muryarsa, sannan ya dawo Alhamis. "Ni ban san Garzali ba. Kai ka san shi yana yaro. Ita ce za ta faɗa mana."

Aka kira Gwaggo daga madafa. Ta shigo da kwanon tsaki a hannu, Humaira tana riƙe da zanenta. Ya Kaltum ta ce, "Azumi, ƙanwata, zan sa miki wata murya. In kin ce in kashe, zan kashe." Ta danna.

Sallama kawai ya yi. Bai kai ga faɗin suna ba kwanon ya faɗi. Gwaggo ba ta yi kuka ba, ta ja da baya har ta haɗu da bango, ta zame ta zauna, ta janyo Humaira ta toshe mata baki da tafin hannu, alhali yarinyar ba ta ce komai ba. Ya Kaltum ta kashe rakodar. Tsaki ya watsu a kan tabarma, kaji suka taru a bakin ƙofa, ba wanda ya kore su.

Baba ya ce a sanar da jami'an tsaro. Ta ce ta riga ta gaya wa shugaban tashar da masu gadin ƙofa, in ya zo Alhamis za a riƙe shi. "Amma in bai zo ba fa? Ya san na san inda take. Ya san fuskata, jiya a gabana ya zauna." Ta kalli hannayenta. "Na hana adireshi, na hana suna, na hana guɗa. Ban taɓa tunanin shiru ma sanarwa ba ne."

"To yanzu yaya za a yi, Hajiya?"

"Zan mayar da katin. Daga yau ƙanwarka ba a gan ta ba. Kai ma in an ce Gambo, ka ajiye hularka kamar yadda ka saba, maƙwabta su gani."

Ranar Alhamis Baba ya ƙi shigowa, ya zauna a shago don a gan shi. Mu muna ɗakin Mama da ƙaramar rediyo. Gwaggo ta ce ba za ta saurara ba, amma ta tsaya a bakin labule. Aka ce Gambo mai kifi. Sannan, da muryar nan da ba ta sauri, "Aminat, wadda ba a gan ta ba har yanzu, 'yan'uwanta suna cigiyarta. Allah Ya bayyana ta." Ta maimaita da Kanuri. Aka ce Nuraddeen.

Saurayin bai zo tashar ba. Da aka buɗe layi, mai kira na uku ya yi sallama, Gwaggo ta saki labulen.

"Ya Kaltum, ni ne na zo ranar Litinin."

"Lale, Malam Garzali. Ai ina ta duba ƙofa. Ka ji na karanta?"

"Na ji. Makon jiya da na shekaranjiya ne ban ji ba."

Ta yi dariya. Wallahi dariya ta yi, irin wadda take yi a shirin Asabar. "Kai dai bari. Ajimi ne ya kifar mini da shayi a kan katuna, shi kuma shayinsa rabi sukari ne. Katinta ya manne a bayan na Gambo, ina ɗagawa biyu-biyu ban sani ba. Sai da ka yi magana na duba. Allah Ya saka maka, ka fi mu lura."

Daga nesa da makirufo muka ji Ajimi. "Ni kuma? Ya Kaltum, ki ji tsoron Allah. Tabaranki ne suka tsufa."

"Ka ji shi ko? Shekara ashirin ina fama. Malam Garzali, ka ci gaba da addu'a. In ka samu hali ka leƙo, ka bar mana inda za a same ka."

Sai ya ce, "Ina sauraro." Ya kashe.

Ta wuce ga mai kira na gaba, wata tsohuwa mai neman jikanta, ta saurare ta har ƙarshe. Ajimi ya gaya mini daga baya cewa tun kafin a fara shirin ta cire awarwaronta ta ba shi ya riƙe, don ta san hannunta zai yi rawa a ji ƙararsu.

Ko ya yarda, ko bai yarda ba, ba mu sani ba. Bayan wata guda Baba ya fitar da Gwaggo da Humaira daga Maiduguri, kuma ko a wannan littafin ba zan rubuta inda suke ba. Ya Kaltum ta bar gidanta ta koma gidan mahaifinta a Shehuri, cikin 'yan'uwa. An ba ta shawara ta bar shirin, ta ce in ta bari a wannan makon ai ta ba shi amsa. Ta ci gaba. Shi ma ya ci gaba. Wata uku, wata biyar, sai a ji sallamar nan a layi, kowane lokaci da sabuwar lamba, ba ya tambayar komai, sai "Ina sauraro." Ita kuma ta ce, "Madalla, Malam Garzali, har yanzu shiru." Ajimi ya so ya riƙa yanke shi, ta hana. Kiransa na ƙarshe a 2019 ne. Ko ya mutu, ko yana cikin waɗanda suka ajiye makami suka shigo gari, ko yana nan yana sauraro bai kira ba, Allah kaɗai Ya sani. Na biyun ne ya fi hana Baba sukuni, domin kullum baƙin fuskoki suna kawo masa wankin hula.

Ta yi ritaya a 2022. Margaret, wadda ta gaji shirin, ta karɓi katunan a jere yadda suke, da umarni ɗaya: kada a zare ko ɗaya, ko an ga mai shi, sai dai a sa ɗigon jan biro a bayansa. An ga Gambo mai kifi tuni, yana nan yana sana'arsa, amma duk Alhamis ana cigiyarsa, shi ma ya san dalili. Baba har gobe yana ajiye hula in an zo wurin. Humaira tana aji huɗu yanzu, ba ta san ana kiran sunan uwarta a rediyon wani gari ba.

Bayan ambaliyar da ta shiga Shehuri na je duba Ya Kaltum. Na same ta a tsakar gida ta baza littattafan adireshinta a kan tabarma suna shan rana, tawada ta narke a rabin shafukan. Ta ce gara haka. Muryarta ta dushe, sai na matso nake ji. Ta tambayi Azumi, ta tambayi yarinya. Na ce suna lafiya, Gwaggo ta koma yin man gyaɗa, amma har yanzu ba ta zama a ɗakin da rediyo ke kunne. Ta daɗe tana juya wani shafi da ya manne.

Ta ce, "Kin san mutum nawa aka gani ta hannuna tun bayan Ruƙayyatu? Ko ɗaya ban faɗa da bakina ba. Ni da aka sani da guɗa."

Da na tashi tafiya ta riƙe gefen hijabina.

"Rumaisa'u, ke ce mai rubutun gidanku. Abu ɗaya nake so. Duk ranar da Azumi ta ce da bakinta ta daina jin tsoro, ba Babanki ba, ba ke ba, ita, to ki zo ki gaya mini. Kada ki kira ni a waya, ki zo da ƙafarki. Ki zo mini da katin daga wurin Margaret. Ba sai a rediyo ba, nan cikin ɗakina ma ya isa, mu rufe ƙofa. Ina so in karanta sunanta sau ɗaya in ce an gan ta."